Tarihin Kasafin Kuɗin Saurare da Fassarar Rediyoyin Ƙetare a Ingila da Amurka

Gabatarwa

A cikin ayyukan fassara da aka yi a ƙarni na ashirin, da wuya a sami wanda ya kai yawan wanda gwamnatocin Ingila da Amurka suka ɗauki nauyinsa domin su san abin da gidajen rediyo da jaridun ƙasashen waje suke faɗi. Fiye da shekara 70 aka yi, dare da rana, mutane na zaune da abin saurare a kunne, suna kama maganar Balin da Mosko da Alƙahira da Birnin Sin, suna juya ta zuwa Ingilishi, ana bugawa ana rarraba wa ma'aikatu kafin gari ya waye. Masu nazarin harshe ba su cika waiwayar wannan aiki ba, wataƙila don an ɗauke shi wani reshe ne na leƙen asiri. Alhali kuwa babu wani asiri a cikin abin da ake saurare, gama magana ce da masu ita suka watsa da gangan don kowa ya ji.

Abin da wannan maƙala ta sa gaba shi ne tarihin kuɗin aikin, watau wanda ya biya, da yadda aka tsara kasafi, da kuma abin da kasafin ya yi wa fassarar kanta. Za a ga cewa matsala guda ce ta bi hukumomin ƙasashen biyu tun daga kafuwarsu. Kasafin gwamnati na shekara guda ne, shi kuwa tafinta mai kunnen aiki ba a samunsa sai bayan shekaru.

Mafarin aikin

Ingila ce ta riga. Tun a tsakiyar shekarun 1930 gidan rediyon Bari na ƙasar Italiya yake watsa shiri da Larabci yana sukar mulkin Ingila a Gabas ta Tsakiya, abin da ya sa hukuma a Landan ta fara kasa kunne, ya kuma sa BBC ta buɗe sashen Larabci a watan Janairu 1938. A ƙarshen watan Agusta 1939, 'yan kwanaki kafin ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, aka kafa Sashen Saurare na BBC a wani gida mai suna Wood Norton kusa da garin Evesham. Gwamnati ce ta nemi a yi aikin, ita ce kuma ta biya daga Baitulmali. A watan Afrilu 1943 sashen ya tashi zuwa Caversham, kusa da Reading, inda ya zauna shekara 75. Kafin yaƙi ya ƙare ma'aikatansa sun kai kusan 1,000, suna sauraron fiye da kalma miliyan ɗaya a kowace rana, cikin harsuna wajen 30.

Akwai wani abu game da wannan mafari wanda ya kamata a lura da shi, domin ya ruɗi masu kasafi na baya. Ingila ba ta kashe ko kwabo wajen koya wa waɗannan ma'aikata harsuna ba. Da yawansu 'yan gudun hijira ne waɗanda mulkin Hitila ya koro daga Jamus da Ostiriya da sauran ƙasashen Turai, mutane masu ilmi mai zurfi, kowa da harshe uku ko huɗu a bakinsa, kuma suna neman abin yi. A cikinsu har da Ernst Gombrich, wanda daga baya ya shahara a fannin tarihin zane-zane, shi ne kuma yake bakin aiki a daren 1 ga Mayu 1945 sa'ad da rediyon Jamus ya yi shelar mutuwar Hitila. Watau dai hukuma ta tsinci dami a kala. Wanda ya fara aiki da irin wannan sa'a, yana da wuya a shawo kansa daga baya cewa tafinta abu ne da ake renonsa da kuɗi da lokaci.

A Amurka kuwa ba gwamnati ce ta soma ba. Jami'ar Princeton ce ta buɗe wata 'yar cibiyar saurare a watan Nuwamba 1939 da taimakon Gidauniyar Rockefeller. Sai a ranar 26 ga Fabrairu 1941 Shugaba Roosevelt ya ware dala 150,000 daga asusunsa na ko-ta-kwana, aka kafa hukumar sauraren rediyoyin ƙetare, wadda daga baya aka sani da FBIS, a ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Tarayya. Rahoton nazarinta na farko ya fito ranar 6 ga Disamba 1941, yana nuna yadda harshen rediyon Tokiyo ya ƙara kaushi a kan Amurka. Washegari jiragen Japan suka kai hari Pearl Harbor.

Kasafi ya zama bulala

Da a ce amfani kaɗai ke sa a ba hukuma kuɗi, da FBIS ba ta sha wahala ba a shekarun yaƙi. Amma kuɗinta a cikin kasafin Hukumar Sadarwa yake, ita kuwa wannan hukuma tana da abokan gaba a Majalisar Wakilai. Babbansu shi ne Eugene Cox, wakili daga Jihar Jojiya, wanda hukumar ta tona cewa ya karɓi dala 2,500 daga wani gidan rediyo na jiharsa. A farkon 1943 Cox ya sa Majalisa ta kafa kwamitin binciken Hukumar Sadarwa, shi ne kuma ya zama shugaban kwamitin, har sai da surutu ya yi yawa ya sauka a watan Satumba. Sashen saurare shi ne wuri mai taushi da aka fi duka, domin cike yake da baƙin haihuwa da malaman jami'a, aikinsu kuma sauraron abokan gaba ne.

A cikin wannan shekara Majalisa ta yi wani abu wanda ya shiga tarihin shari'ar Amurka. Wani kwamiti nata, a ƙarƙashin Martin Dies, ya zargi waɗansu ma'aikatan gwamnati da ra'ayin gurguzu. Maimakon a gurfanar da su gaban alƙali, sai aka cusa wani sashe a cikin dokar ƙarin kasafi ta 1943, aka ambaci mutum uku da sunayensu, aka ce daga 15 ga Nuwamba kada a biya su albashi daga kuɗin gwamnati. Biyu daga cikinsu, Goodwin Watson da William Dodd ƙarami, ma'aikatan FBIS ne, Watson ma shi ne shugaban sashen nazari. Na ukunsu, Robert Lovett, jami'i ne a Tsibiran Virgin. Roosevelt ya sa hannu a kan dokar yana mai bayyana rashin yardarsa, tun da yake sauran kuɗin da ke cikinta na yaƙi ne, ba shi da halin mayar da ita. Mutanen suka kai ƙara, a 1946 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Majalisa ba ta da ikon hukunta mutum da sunansa ba tare da shari'a ba. Sai dai kafin hukuncin ya zo an riga an zaftare kasafin hukumar, sashen nazarinta kuma ya watse.

Da Japan ta miƙa wuya a watan Agusta 1945, Majalisa ta ɗauka aikin ya ƙare, ta janye kuɗin, aka ba ma'aikata takardar sallama. Jaridu da waɗansu ma'aikatu suka yi ca, kowa yana cewa aikin yana da amfani, amma ba wanda yake so a ciro kuɗin daga nasa kason. A ƙarshen Disamba 1945 Ma'aikatar Yaƙi ta karɓi riƙon ƙwarya, a 1946 aka miƙa hukumar ga sabuwar ƙungiyar tattara bayanan sirri, wadda ta zama CIA a 1947. Daga nan FBIS ta sami mafaka, amma mafakar ta zo da abin mamaki. Dokar CIA ta 1949 ta ba da damar ɓoye kasafinta, saboda haka hukumar da ba ta tara komai sai maganar da aka faɗa a bainar jama'a, kuɗinta ya zama asiri. Jimlar kasafin dukan hukumomin leƙen asirin Amurka ma ba a bayyana ta ba sai a 1997, inda aka ce dala biliyan 26.6 ce, ba tare da an rarrabe kason kowace hukuma ba. Ɓoyewar ta kare FBIS daga irin su Cox, amma ta jefa ta cikin gida ɗaya da masu taurarin ɗan'adam da 'yan leƙen asiri, waɗanda a wurinsu labarin da ba a sato shi ba bai cika labari ba.

Ina kuɗin ke tafiya?

Wanda bai san aikin ba zai zaci na'urori ne ke cin kuɗin. Lalle kam ana bukatar fili mai faɗi, nesa da hayaniyar lantarkin gari, inda za a kafa turaku da wayoyin kama gajeren zango, kamar yadda BBC ta yi a Crowsley, 'yan mil kaɗan daga Caversham. Ana kuma biyan kuɗin layin tangaraho mai buga rubutu da kansa, da na ɗab'in rahoton kullum. Amma waɗannan, in an saya an kafa, sukan daɗe. Abin da ba ya yankewa shi ne albashi. Gidan rediyo ba ya hutun Lahadi, kuma juyin mulki ya fi son asuba. In ana so a riƙa jin harshe guda dare da rana, sai an raba yini kashi uku na awa takwas-takwas, in kuwa aka haɗa da ranakun hutu da rashin lafiya, kujera ɗaya sai ta ci mutum huɗu ko biyar. Saboda haka ƙara harshe ɗaya a jerin harsunan da ake saurare ba ɗaukar mutum ɗaya ba ne.

Sa'an nan ba kowane mai jin harshe ne yake iya aikin ba. Mai saurare yakan ji labarai ta cikin ƙarar iska da shigar wata tasha, yana rubuta kanun abin da aka faɗa, na'ura kuma tana ɗauka. Da an gama sai ya kai wa edita jerin batutuwan, a nan take su yanke wanda za a fassara kalma bi da kalma, da wanda za a tsakuro, da wanda za a taƙaita a layi biyu, da wanda za a bari ya bi iska. Mafi yawan abin da aka ji a kashi na ƙarshen nan yake faɗawa. A wannan teburi ne kasafi yake taɓa fassara kai tsaye, domin duk shekarar da aka rage ma'aikata, abin da da za a juya shi cikakke sai ya koma taƙaitawa, ita kuwa taƙaitawa takan riƙe abin da aka ce ta zubar da yadda aka ce shi.

Yadda aka ce shi kuwa, sau da yawa shi ne labarin. Misali mafi kyau shi ne ɓarakar da ta auku tsakanin Tarayyar Sobiyet da ƙasar Sin. Shekaru kafin ƙasashen biyu su fito fili, habaici suke yi wa juna. In Birnin Sin na son zagin Mosko sai ya zagi Yugoslabiya, in Mosko na son ramawa sai ta zagi Albaniya. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan salo, ya san shi a bakin kishiyoyi da na mawaƙan fada. Amma ba mai gane habaici sai wanda ya san gidan. Masu nazari na FBIS sun gano ɓarakar da wuri ne don sun shekara da shekaru suna bin kalmomin da aka saba amfani da su, har suka san ranar da aka sauya wata, ko aka daina ambaton wani suna. Irin wannan sani ba ya shiga takardar kasafi. Akawun Baitulmali yana iya ƙirga kalmomin da aka fassara a shekara, ya raba da kuɗin da aka kashe, ya fitar da farashin kowace kalma, amma ba shi da gurbin da zai rubuta darajar shekara goma da wani ya yi yana sauraron tashar da ba ta faɗi kome ba, har ranar da ta faɗa.

Irin wannan rana ta zo a 28 ga Oktoba 1962, lokacin rikicin makamai masu linzami na Kyuba. Wasiƙar da Kurushef ya aika wa Shugaba Kenedi kwana biyu kafin nan ta hanyar ofishin jakadanci ta ɗauki sa'o'i masu yawa kafin ta isa. Don gudun jinkiri, sai ya sa aka karanta amsarsa ta janye makaman a gidan rediyon Mosko, da sanin cewa akwai masu saurare. Ta hannunsu kuwa saƙon ya fara isa Fadar Shugaban Amurka.

Dabarun rage tsada, da tashar Kaduna

Babbar dabarar da ƙasashen biyu suka yi ita ce raba duniya tsakaninsu. Haɗin kan ya faro tun lokacin yaƙi, aka tabbatar da shi bayansa. BBC ta riƙe Tarayyar Sobiyet da yawancin Turai da Afirka ta Gabas, inda ta kafa reshe a Nairobi. FBIS ta ɗauki Gabas Mai Nisa da Amurka ta Kudu da wani ɓangare na Gabas ta Tsakiya da Afirka ta Yamma, tana da tashoshi a wurare irin su Okinawa da tsibirin Ƙubrus. Kowa yana ba ɗan'uwansa abin da ya samu, ba a biyan juna. Ga Ingila wannan ciniki ne mai riba ƙwarai, domin kaso mafi yawa daga Amurka yake zuwa. Illarsa ita ce, duk wanda ya rage nasa kasafi ya rage wa abokinsa ji, ba tare da an shawarce shi ba.

Dabara ta biyu ita ce ta 'yan kwangila. A 1957 Amurka ta kafa wani ofishi mai suna JPRS domin fassara jaridu da mujallu da littattafan kimiyya. Maimakon ma'aikatan dindindin, sai ya riƙa ba masu fassara aiki a gidajensu, ana biyansu gwargwadon yawan kalmomi. Wannan ya yi araha, ya kuma dace da rubutaccen abu wanda ba gaggawa a kansa. An gwada ta uku ma, watau fassarar inji. A Janairu 1954 Jami'ar Georgetown da kamfanin IBM suka nuna kwamfuta tana juya jimloli sama da 60 daga Rashanci zuwa Ingilishi, aka yi ta zuba kuɗi da zaton an kusa hutawa da tafintoci. A 1966 kwamitin masana da gwamnati ta naɗa ya ba da rahoton cewa fassarar inji ta fi ta mutum tsada da jinkiri da kurakurai, aka tsuke bakin aljihu.

Rabon da aka ambata shi ne ya kawo aikin ƙasar Hausa. A farkon shekarun 1960, jim kaɗan bayan Nijeriya ta sami mulkin kai, FBIS ta buɗe tasha a Kaduna domin sauraron gidajen rediyon Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Dalilin neman wuri a kusa a fili yake. Yawancin gidajen rediyon sababbin ƙasashen nan ba su da ƙarfin da za a ji su sosai daga Turai, kuma zamani ne da kowace ƙasa ke neman muryarta. Shi kansa harshen Hausa a lokacin ya shiga kasuwar duniya. BBC ta fara shirin Hausa a watan Maris 1957, Alƙahira da Mosko da Akara suka bi, Birnin Sin da Muryar Jamus suka shigo a 1963, Muryar Amurka kuwa sai a 1979. Tashar ta Kaduna ta yi aiki har tsakiyar shekarun 1970, sa'ad da gwamnatin soja ta Nijeriya ta sa aka rufe ta, a zamanin da dangantaka da Amurka ta yi tsami a kan batun Angola. Daga baya aka koma Abijan. Wannan ma wani nau'in kuɗi ne da ba a iya kimanta shi tun da wuri, domin tasha a ƙasar wani aro ce. Ta Ƙubrus ma haka aka bar ta ba shiri a 1974 da sojojin Turkiyya suka shiga tsibirin.

Wanda ya duba kundayen rahoton kullum na hukumomin biyu zai ga kowane labari yana ɗauke da sunan tasha da harshen da aka watsa shi da lokaci da kwanan wata. Zai kuma ga cewa yawancin abin da aka ɗauko daga Afirka ta Yamma daga shirye-shiryen Ingilishi da Faransanci ne. Ta fuskar kasafi hujjar a bayyane take, gama mai jin Faransanci ɗaya yana iya riƙe ƙasashe da dama, labaran Ingilishi kuwa kwafa kawai ake yi. Amma hukuma ba da murya ɗaya take yi wa jakadu da talakawanta magana ba. Abin da za a faɗa da Ingilishi a taƙaice cikin ladabin ofis, da Hausa yakan zo da karin magana da kirari da jan kunne. Ita kalmar talakawa ma kaɗai ta isa misali. A bakin hakimi tana nufin waɗanda yake mulka, a bakin ɗan NEPU kuwa tana nufin waɗanda ake zalunta, kuma duk kalmar Ingilishin da aka zaɓa za ta ɗauki ɗaya ta bar ɗaya. Mai fassarar da zai san wadda ake nufi, ya kuma sami sarari ya yi wa edita bayani, shi ne irin ma'aikacin da kasafi ya fi saurin ganin ba dole ba ne.

Bayan yaƙin cacar baka

Rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ta maimaita abin da ya faru a 1945. 'Yan majalisa suka ga abokin gaba ya tafi, suka nemi a rage kashe kuɗi. Abin da ba su lura da shi ba shi ne aikin ƙaruwa ya yi. A da, ƙasa guda gidan rediyo guda ne da jaridar gwamnati guda, in an ji su an ji hukuma. A shekarun 1990 aka buɗe ƙofa ga gidaje masu zaman kansu kusan ko'ina. A Nijeriya doka ta ba da wannan dama a 1992, kafin 2003 ta ƙare kuma Kano ta sami gidan rediyon Freedom. Yawancin sababbin gidajen a zangon FM suke, wanda ba ya nisa, sai an ajiye mutum ko na'ura a cikin garin. Ga talabijin na tauraron ɗan'adam, ga intanet tana tafe. Watau bakunan da za a saurara sun ninka a daidai lokacin da ake rage kunnuwa.

A 1996 FBIS ta daina buga rahotonta na kullum a takarda, aka koma kwamfuta. A wannan shekara da mai bi mata aka yi yunƙurin zaftare ma'aikatanta, har malaman jami'o'i da Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Amurka suka tashi da kamfe don a cece ta. Abin lura ne cewa waɗanda suka fi kare ta ba su ne masu biyanta ba. Sai bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka farga da ƙarancin masu jin Larabci da Fashto da Farisanci da Urdu, aka shiga neman su ido rufe, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamitocin bincike biyu, na 2004 da na 2005, suka ba da shawarar a ƙarfafa aikin, a Nuwamba 2005 aka narkar da FBIS cikin wata sabuwar cibiya ta tattara bayanan fili.

Labarin Ingila ya fi fitowa sarari, domin a can ana tattauna alƙaluman a Majalisa. Shekaru da yawa bayan yaƙi kuɗin Caversham daga tallafin da gwamnati ke ba sassan BBC na ƙetare yake fitowa. A shekarun 1990 aka koma tsarin karo-karo tsakanin masu amfani da aikin, watau Ma'aikatar Harkokin Waje da ta Tsaro da Ofishin Majalisar Ministoci da Sashen Duniya na BBC. A takarda tsarin ya yi kyau, a aikace kuwa kowace ma'aikata ta gane cewa in ta rage nata kason, rahoton ba zai daina zuwa teburinta ba. Da Ma'aikatar Harkokin Waje ta nuna niyyar ragewa, aka naɗa Sir Quentin Thomas ya yi bincike. A 2005 ya ba da shawarar a haɗa kuɗin wuri ɗaya a hannun Ofishin Majalisar Ministoci, a kewaye shi yadda ba mai taɓawa, a kuma tsara shi na shekaru da dama gaba. Aka amince, aka ware wajen fam miliyan 24 da rabi a shekara. A duk tsawon tarihin nan, wannan shi ne karon da kasafi ya fi kusa da dacewa da yanayin aikin.

Bai daɗe ba. A watan Oktoba 2010 gwamnatin haɗin gwiwa, cikin shirinta na tsuke bakin aljihu, ta cimma yarjejeniya da BBC cikin 'yan kwanaki. Aka daskarar da kuɗin lasin talabijin da kowane gida ke biya a kan fam 145.50, aka kuma ɗora wa BBC nauyin Sashen Saurare daga 2013 da na Sashen Duniya daga 2014. Ma'anar wannan ita ce aikin da ma'aikatun gwamnati suka fi kowa cin moriyarsa ya koma gasar kuɗi da wasan kwaikwayo da ƙwallon ƙafa. Ba a ga laifin shugabannin BBC ba in suka auna shi da ma'aunin ɗakin labarai, tun da yake masu kallo ne ke biya. A watan Yuli 2016 suka sanar da rage fam miliyan 4 daga kasafin da ya riga ya sauko zuwa miliyan 13.2, da sallamar ma'aikata kusan 100, da barin Caversham. Kwamitocin Majalisa biyu, na harkokin waje da na tsaro, suka fitar da rahotanni kafin shekarar ta ƙare, dukansu suna cewa gwamnati ta koma biya da kanta, suna kuma jan kunne cewa in Ingila ta kasa kawo nata kason, ba abin da zai tilasta wa Amurka ta ci gaba da ba ta nata. Gwamnati ba ta karɓi shawarar ba. A watan Mayu 2018 ma'aikatan da suka rage suka koma Landan.

Su ma masu bincike na jami'o'i abin ya shafe su, ko da yake ba a taɓa sa su cikin lissafi ba. Rahotannin nan, waɗanda aka yi don jami'an gwamnati su karanta da safe su ajiye, sun zama ma'adanar tarihi, musamman ga ƙasashen da gidajen rediyonsu ba su adana faya-fayansu ba. A. H. M. Kirk-Greene, wanda masu nazarin Hausa suka sani, ya dogara da rahotannin BBC wajen tara jawabai da dama a cikin kundinsa mai juzu'i biyu na 1971 a kan rikicin Nijeriya da yaƙin basasa. A ƙarshen Disamba 2013 Amurka ta rufe hanyar da jama'a ke biya su karanta sababbin fassarorin, a watan da kamfanin Google ya sa Hausa cikin harsunan da injinsa ke fassarawa. Tsohon kundin FBIS na 1941 zuwa 1996 kuwa, wani kamfani ya mai da shi na kwamfuta ya sayar wa ɗakunan karatu. Ɗalibin Zariya ko Kano ko Yamai da ke neman abin da gidajen rediyon yankinsa suka watsa a shekarun 1960, sau da yawa a can zai same shi, da Ingilishi, in jami'arsa tana da kuɗin rajista.